Rumman a Cikin Faranti

Ni na kai Baba Zubairu gidan nan, saboda haka duk abin da ya biyo baya da hannuna a ciki. Gara in faɗa tun yanzu, kada in je ƙarshe ina kame-kame.

Sunana Ja'afar, mutumin Gusau. Karatu ya kawo ni Alƙahira shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Karatun ya ƙare, ni kuwa na maƙale. Yanzu aikina raka 'yan kasuwarmu zuwa kasuwar Ataba, in yi musu ciniki da Larabci, in ɗaure kayansu a tura gida. A unguwar Faisal nake zaune, a wani dogon bene da mai shi yake alkawarin sa masa lif duk shekara, mu kuma muna cewa amin. A hawa na bakwai na benen nan Baba Zubairu ya sauka da matarsa Inna Amna, shekarar da yaƙin Sudan ya koro su.

Hausawan Sudan ne, daga wani ƙauye a bakin kogi kusa da Sinnar. Kakanninsu sun taso daga ƙasar Katsina za su Makka a ƙafa, suka tsaya noma a hanya, tsayawar ke nan. Baba Zubairu yana da lambu a can, lemo da gwaiba da mangwaro, shekara arba'in yana yi musu hidima, ya bar su a rana ɗaya ba tare da ya rufe ko ƙofa ba. A hanya motar da ta ɗauko su ta kife, ƙugun Inna Amna ya karye, ya kuma haɗe a karkace. Ranar da suka iso mu huɗu muka hau da ita a kan kujerar roba. Daga ranar sai da ta yi wata tara ba ta taka ƙasa ba. Su goma sha ɗaya ne a gida mai ɗaki biyu, ita tana kwance a lungu, kusa da tagar da ba ta kallon komai sai bangon maƙwabta. Duk lokacin da na shiga gaishe ta sai in ga ta ƙara ƙanƙancewa, abin yana ci mini rai.

To, ana nan sai wani mai suna Tarig ya tare ni bayan sallar Juma'a. Shi ma Basudane ne, direban wata tsohuwa a unguwar Muhandisin. Ya ce uwar ɗakinsa tana neman mai kula da lambu, dattijo marar surutu, kuma aikin haɗe yake da ɗaki a bayan gida, a ƙasa, babu matakala ko ɗaya. Ban bari ya ƙarasa ba na ce ina da mutum. Ba albashin na duba ba, ɗakin na duba.

Madam Rania, uwar ɗakin Tarig, ta kai shekara saba'in, 'yar siririya, mai magana a hankali kamar tana tsoron ta tashi wani daga barci. Ta zagaya da mu bayan gidan, ni ina sa ran ganin lambu. Abin da na gani tsakuwa ce. Farar tsakuwa shimfiɗe wajen faɗin tsakar gida biyu, an yi mata layi-layi, da wasu baƙaƙen duwatsu guda biyar a zube nan da can, da fitilar dutse da ba a kunnawa, da shingen gora. Na dubi Baba Zubairu, ya dubi ƙasa.

Ta yi mana bayani. Mijinta Noboru injiniya ne daga Japan, ya zo aikin shekara biyu, ya aure ta, ya yi arba'in, ya rasu shekara biyu da suka wuce. Shi ya yi lambun da hannunsa, irin na ƙasarsu. Ta ce tsakuwar ruwa ce, layukan igiyar ruwa ne, duwatsun kuma tsibirai. Babu dutsen da aka ajiye haka kawai. Akwai wanda mijinta ya yi wata biyu yana juya shi kafin ya yarda ya zauna. Ta ce mutanensu sun bar irin wannan lambu a birane da yawa na duniya, har Halwan, nan gefen Alƙahira, akwai wani tsohon lambu irinsa, amma nata babu mai shiga sai ita.

Daga nan ta kai mu gaban wani benci na dutse. A kansa akwai faranti na yumɓu, zurfinsa bai fi yatsa huɗu ba, a ciki kuma bishiya. Bishiya sosai, da gindi mai kauri kamar damtsen mutum, a murɗe, da rassa a kwance, amma duk tsayinta bai kai gwiwata ba. An naɗe rassan da wayar tagulla.

Baba Zubairu ya tsuguna ya murza ganye ɗaya a yatsunsa. Ya ce, "Rumman ne."

Madam ta ji daɗi da ya gane. Ta ce shekararsa talatin da biyu. Sannan ta lissafa dokoki: a ja wa tsakuwa layi kowace safiya da manjagaran katako, mutum yana tafiya da baya don kada ya bar sawu, a tsince ganyen da ya faɗo da hannu, rumman kuwa a ba shi ruwa da ƙaramar buta safe da yamma, kada a sa masa taki, kada a ɗaga shi daga wurinsa, kada a taɓa wayar. Baba Zubairu ya ce tamam, wato ya yarda, ga kowace.

Sai da muka shiga mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, ya buɗe baki. "Ustaz," haka yake kirana duk da ya haife ni, "matar nan noman tsakuwa take yi."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

"Tsakuwar da sauƙi. Amma rumman ɗin nan, shekara talatin da biyu, an yanke masa saiwa, an ɗaure shi, ana ba shi ruwa kamar magani. Me ya yi musu?"

Na ce masa ya bar wa masu abu abinsu, ya riƙe ɗakin. Ya ce khalas, wato shi ke nan, ya riƙe.

Ya kuwa riƙe. Cikin mako biyu ya iya jan layi fiye da yadda Madam take zato, yana zagaye duwatsun ba tare da hannunsa ya karkace ba. Inna Amna tana zaune a bakin ƙofar ɗakinsu tana dafa gahawa a kan ƙaramin murhu, tana tsokanarsa, wai manomin Sinnar ya koma yi wa tsakuwa kitso. Ta fara miƙewa da sanda. Daga ƙofa zuwa famfo taku goma sha biyu ne, ta fara da uku, kafin wata biyu tana zuwa ta dawo da kanta. Fuskarta ta ciko. Ranar da na same ta tana shanya a igiya, ni kaina sai da na yi ta yabon kaina a zuci, har na ɗauka Allah ya rubuta mini lada mai tsoka.

A watan Yuni Madam ta tafi wajen 'yarta a ƙasar waje, za a yi mata aikin ido, za ta yi wata huɗu. Ta bar mini lambar da za a same ta, tunda ni na tsaya wa Baba Zubairu.

Wanda ya san Yulin Alƙahira ya san abin da nake nufi in na ce zafi. Wata Juma'a Baba Zubairu ya kira ni ya ce in zo yanzu. Na je a gurguje, don wani Alhaji daga Kano yana ta buga mini waya, kayansa sun maƙale. Na tarar da shi tsugune gaban rumman ɗin. Ganyen ya yi rawaya, wasu sun zube. Ya ɗan ɗaga farantin ya nuna mini saiwoyi sun leƙo ta hudar ƙasa, sun dunƙule kamar gashin da ba a taje ba.

"Yunwa ce da ƙishi," in ji shi. "Na ga irin wannan. Idan aka bar shi haka ba zai kai ƙarshen wata ba. Matar nan ta dawo ta tarar ya mutu a hannuna, ina zan kai Amna? Ka kira mini ita, ustaz, a tambaye ta."

Ga lambar a aljihuna. Minti biyu ya ishe ni. Amma wayata tana ta ƙara, zufa tana bin bayana, kuma gaskiya ina jin nauyin kiran matar, don a gabanta Larabcina na makaranta yakan zama kamar na mai wa'azi. Sai na kawo hujja mai kyan gani. Na ce mace tana gadon asibiti ba a tayar mata da hankali, kuma in ya tambaya za ta ɗauka bai san aikinsa ba.

Na ce, "Baba, kai ne manomi. Shekara arba'in kana cikin bishiyoyi, wa zai koya maka? Yi abin da ka san zai cece shi. In ta dawo ta gan shi kore shar, godiya za ta yi."

Ya nuna wayar tagullar da ke jikin rassan. "Har wayar?"

"Har wayar," na ce, ina amsa kiran Alhaji.

Daga baya na ji cewa irin waɗannan bishiyoyi in zafi ya tsananta inuwa kawai ake yi musu, a riƙa fesa musu ruwa, su farfaɗo. Madam ta sani. Da kalma biyu za ta faɗa.

Baba Zubairu ya yi aikinsa na manomi, ya kuma yi shi da kyau. Ya haƙa rami a gefen shingen gora, ya samo kashin tattabara wajen masu kiwo a kan rufin gidajen Faisal, ya gauraya da baƙar ƙasa. Ya sa filaya ya tsinke wayar ɗaya bayan ɗaya. Ya zare bishiyar daga farantin, ya warware saiwoyinta da yatsunsa, ya dasa ta, ya yi mata kewaye ya cika da ruwa. Farantin ya wanke ya kife. Inna Amna ta ce ranar da waƙa ya shiga ɗaki, rabonta da jin waƙarsa tun Sinnar.

Rumman ɗin ya kama. Kafin wata guda sababbin tsirrai suka ɓullo daga gindinsa, miƙaƙƙu, masu ƙarfi, wajen guda takwas. Kafin Oktoba sun kai ƙirjina, har ɗaya ya yi jan fure. Tsohon gindin nan mai murɗewa kuwa, tun da ƙarfin ya koma ga sababbin, sai ya fara bushewa daga sama. Baba Zubairu bai damu ba. A wurinsa haka bishiya take, tsoho ya tafi, yaro ya maye. Ya riƙa ƙirga kwanakin dawowar Madam kamar mai jiran a zo a ga jaririnsa.

Ta dawo ranar Talata da hantsi. Baba Zubairu ya roƙe ni in zo, ya sa farar jallabiyarsa da rawani, tsakuwar ta sha kitso. Madam ta fito bayan gida da baƙin tabarau, Tarig yana riƙe da hannunta. Ta nufi bencin dutse kai tsaye. Ta tarar da faranti a kife.

Baba Zubairu ya yi gyaran murya, ya nuna mata gefen shinge da hannu biyu. Ya ce, "Ga shi nan, Madam. Ya kusa mutuwa, Allah ya taimake ni."

Ta taka a kan tsakuwar, ita da ba ta yarda ko kyanwa ta taka. Ta tsaya gaban bishiyar, ta cire tabarau. Ta sa hannu ta buɗa sababbin rassan har ta kai ga tsohon gindin, ta kama wani busasshen reshe, ya karye a hannunta. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai ta zauna a ƙasa, a kan tsakuwar, da kayan tafiyarta.

"Ya rayu, Madam," in ji Baba Zubairu. "Dubi ganye. Baɗi war haka za ki ci 'ya'yansa."

Ta ce, "Ammu Zubair," wato Baffa Zubairu, "ba ni da bukatar rumman. Ana sayar da rumman a bakin titi."

Ta yi maganar a hankali, tana kallon reshen. Ta ce kowace lanƙwasa da ke jikin bishiyar hannun mijinta ne. Kowace Juma'a da safe yakan zauna gabanta, wani lokaci sa'a biyu kafin ya yanke ganye ɗaya. Reshen da ya sunkuya hagu, shekarar da aka haifi 'yarsu ya fara lanƙwasa shi, ya ɗauki shekara shida. Waya ta ƙarshe kuwa saura mako biyu ya rasu ya naɗa ta, hannunsa yana karkarwa, ita ta riƙe masa reshen. Ta san ya kamata a cire ta tun bara, ta kasa.

Sai ta ɗago. "Ina wayar?"

Baba Zubairu ya gyara rawaninsa. Ya ce ya ba mai amalanken da ke yawo yana sayen tarkace, tun watan Yuli.

A nan ne ta rufe fuska. Muka tsaya kamar gumaka, mu uku, ga Inna Amna a bakin ƙofa dogare da sanda. Da Madam ta sami numfashi sai ta ce, "Na ce kada a taɓa. Na bar lamba. Wa ya ce ka yi?"

Baba Zubairu ya juyo ya dube ni. Ba kallon zargi ba ne, kallon mai jiran ɗan'uwa ya yi magana ne. Da na ce ni ne, da na ce ya roƙi a kira ta na hana, wataƙila da ta huce a kaina, ni da ba ta da abin da za ta ƙwace mini. Amma a lokacin iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ta ƙare, takarduna suna wajen sabuntawa, kuma Tarig ya taɓa ce mini ƙanen Madam yana da hannu a manyan wurare. Babu wanda ya yi mini barazana. Ni na tsorata kaina da kaina. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Ya jira ni kamar numfashi uku. Sannan ya ce, "Babu kowa, Madam. Ni kaɗai ne."

Ba zan ce matar nan muguwa ce ba, ko da yake na so in ce, don in sami wanda zan ɗora wa. Ba ta zage shi ba, ba ta kira kowa ba. Ta ce ta san da alheri ya yi, amma ba za ta iya buɗe taga kullum ta ga fuskarsa ba. Ta ba su mako guda. Inna Amna ta tako har inda take, taku talatin ko fi, mafi nisan da ta yi tun karayarta, ta riƙe hannunta tana cewa ma'alish, ma'alish, wato a yi haƙuri. Suka yi kuka tare su biyu. Da suka gama Madam ta share ido ta ce mako guda ɗin dai, kuma kafin ya tafi ya cire bishiyar, ba ta son ganinta.

Ya roƙi a bar masa ita, aka bar masa. Sai dai duk faɗin Masar ba shi da ƙasar da zai dasa ko albasa. Na same shi ranar tashi ya samo bokitin fenti ya huda gindinsa. Saiwoyin sun bazu sun ƙi shiga. Ya daɗe tsugune yana juya su, sannan ya ɗauko wuƙa ya rage su, ya datse rassan don su shiga mota. Bai tayar mini da maganar ba. Gaisuwa ma ya amsa yadda ya saba, ustaz, ya aiki, ya baƙi. Wallahi da ya mare ni da na fi samun barci.

Tarig ya kai mu Faisal da la'asar. Lungun Inna Amna an riga an ba wata mai jego, sai da aka yi ta magana kafin aka matsa mata wuri a falo. Muka ajiye kujerar roba a gindin matakala, ta zauna, ta ɗora sandarta a cinya. Ta dubi titi, masu mikrobas suna ta kiran fasinja, mai burodi ya wuce a keke da faifai a ka. Ta ce mu ɗan dakata. Muka dakata. Can ta ce yalla, mu je.

Ni da Tarig muka kama gaba, wasu samari biyu na gidan suka kama baya, Baba Zubairu yana biye da bokitinsa a kafaɗa. Ta fi nauyi a kan wancan karon, watanni bakwai na cin abinci da daɗin rai. A hawa na biyar hannuwana suka gaji, muka sauke ta mu huta. Ina haki, zufa tana ɗiga daga haɓata. Sai ta sa gefen mayafinta ta share mini goshi.

Ta ce, "Sannu, ɗana. Kai dai ka yi mana iyakar ƙoƙarinka. Wata bakwai na taka ƙasa saboda kai. Allah ya saka maka da irin abin da ka yi mana."

Samarin suka ce amin. Tarig ya ce amin. Na ɗaga kai na dubi Baba Zubairu a matakalar ƙasa, na gane bai faɗa mata ba, kuma ba zai faɗa ba. Shi kaɗai ne bai amsa ba. Ya gyara bokitin a kafaɗarsa, ya ce mu ɗauka, saura hawa biyu.